Yadda Ake Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfutar Tebur Idan Kuɗi Ba Su da Yawa

Duk wanda ya taɓa sayen waya ya san a dunƙule ake sayenta. Kamfani ya riga ya zaɓi furosesa da RAM da ma'ajiya, ya liƙe su a kan faranti ɗaya, abin da ya rage wa mai saye shi ne ya ɗauka ko ya bari. Kwamfutar tebur ba haka take ba. Kowane sashe nata daban ake sayarwa, mutum ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya ya harhaɗa da sukudireba guda. Amfanin haka ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne zai zuba kuɗinsa inda aikinsa ke buƙata, ya tsuke hannu inda ba dole, sannan baɗi ya ƙara wani abu ba tare da ya jefar da na bana ba. Haɗarin kuma shi ne ba kowane sashe ke shiga da ɗan'uwansa ba, kuma ko a Beirut Road ta Kano, ko Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, kayan da aka biya aka fita da su mayar da su sai an sha ciniki na biyu.

Wannan darasi ya ɗauki misalin matashi mai son koyon rubuta manhaja, ya riƙa gyaran bidiyo matsakaici, ya ɗan taɓa wasan gem idan ya samu sarari. Tun da farashin waɗannan kaya dala yake bi, yau a nan gobe a can, abin da ya fi amfani shi ne sanin wane sashe ya cancanci kuɗi, wane ne kuma ado kawai.

Furosesa, da tarkon sunan i7

Da furosesa ake farawa, domin shi ne zai yanke irin madabod da irin RAM da za a saya. A nan ne kuma aka fi cutar sabon shiga. Mai shago zai ce "wannan ai Core i7 ce", mai saye ya ji lamba babba ya miƙa kuɗi. Amma i3 da i5 da i7 matsayi ne kawai a cikin zubi ɗaya, wato jenareshon. Lambar da ke biye ita ce ke faɗin shekaru. A cikin i7-3770, lamba 3 ta farko na nufin zubi na uku, wanda ya fito a 2012. A cikin i3-12100 kuwa, 12 ɗin na nufin zubi na goma sha biyu, na 2022. Dukansu cibiyoyin aiki huɗu gare su, abin da ake rubutawa cores a jikin kwali, amma i3 ɗin ya yi wa tsohon i7 fintinkau a sauri, saboda shekara goma ce tsakaninsu. Kamar a kwatanta babbar wayar 2014 ce da matsakaiciyar wayar bana.

Akwai kuma batun Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, tare da TPM 2.0. Duk abin da ya gaza haka, ko an tilasta masa Windows 11 ta bayan gida, tsohon kaya ne da bai kamata a biya shi kuɗin sabo ba.

Ga mai ƙaramin kasafi, furosesan da ya fi dacewa da misalin nan shi ne AMD Ryzen 5 5600G. Ya shiga kasuwa a 2021, cibiyoyin aiki shida gare shi, kuma a cikinsa akwai sashen sarrafa hoto mai ɗan ƙarfi. Ma'ana kwamfuta za ta tashi, ta nuna hoto, ta yi aikin rubuta manhaja da gyaran bidiyo mara nauyi da ƙananan wasanni, ba tare da an sayi katin hoto ba. Shi kuwa katin hoto, sau da yawa shi kaɗai yakan lashe kashi ɗaya cikin uku na kasafi ko fiye. Wanda ya fi son Intel, i3-12100 ko i5-12400 za su yi, sai dai hoton da ke cikinsu bai kai na 5600G ƙarfi a wasa ba.

Harafin da ke ƙarshen suna ba ado ba ne. A Intel, harafin F na nufin babu sashen hoto: i3-12100F da i5-12400F sun fi arha, amma in ba a sa katin hoto ba allo zai tsaya baƙi ƙirin. A jerin Ryzen 5000 kuma akasin haka ne: sai mai harafin G ne ke da hoto. Ryzen 5 5600 da 5500, duk da sunansu ya kusa zama ɗaya da 5600G, ba sa nuna komai su kaɗai. Wannan harafi ɗaya ya isa ya sa mutum ya kwana yana zargin madabod ɗinsa lalatacce ne.

Idan furosesan na cikin kwalinsa ne, 5600G yana zuwa da fankarsa, kuma ta isa. Wanda aka sayar tsirara ba kwali, sai an sayi fanka daban, don haka a sa kuɗinta a lissafi kafin a ce ya fi arha.

Madabod

Madabod shi ne babban farantin da komai ke hawa kansa, kuma ƙa'idarsa ta farko ita ce soket. Ryzen 5000 soket AM4 yake hawa. Intel zubi na 12 kuwa LGA1700. Ba su shiga wa juna ko da an danna da ƙarfi, dannawar ma ita ce ɓarna. A AM4, siraran allurai suna jikin furosesa ne. A LGA1700 suna cikin soket ɗin madabod. Duk wanda zai sayi na hannu, nan zai haska da fitilar waya ya duba da kyau, domin allura ɗaya da ta lanƙwashe na iya kashe layin RAM guda ko ta hana tashi gaba ɗaya.

A AM4, madabod iri uku aka fi samu da arha: A520, B450 da B550. A520 ya wadatar da 5600G. B550 ya fi shi da PCIe 4.0, amma 5600G kansa a PCIe 3.0 ya tsaya, saboda haka ƙarin kuɗin ba zai nuna kansa ba sai ranar da aka canza furosesa. B450 kuma ya girmi Ryzen 5000, don haka wanda ya daɗe a shago ko na hannu yana iya buƙatar sabunta BIOS kafin ya gane furosesan. Abin da ya dace shi ne a sa mai shago ya ɗora furosesan ya kunna a gaban ido. A ɓangaren Intel, H610 ne mai arha, sai dai yana zuwa iri biyu, mai DDR4 da mai DDR5, kuma kowanne nasa kawai yake karɓa.

Abin da masu waya ke mantawa shi ne yawancin madabod masu arha ba su da Wi-Fi ko Bluetooth. Wanda hotspot na waya ne intanet ɗinsa, ko dai ya sayi ƙaramar na'urar Wi-Fi ta USB, ko ya haɗa wayar da kebul ya kunna raba intanet ta USB, wanda ma ya fi tsayawa kuma wayar na caji a lokaci guda. A duba kuma ramukan hoto da ke baya. Idan allon da ake da shi tsoho ne mai VGA kaɗai, a tabbatar madabod na da VGA, in ba haka ba sai an nemi adafta.

RAM: guda biyu sun fi guda ɗaya

RAM ba ma'ajiya ba ce. Wayar da aka rubuta mata 4/128, huɗun shi ne RAM, wurin da manhajojin da ke buɗe suke zama, 128 ɗin kuma rumbun hotuna da bidiyo. Wayoyin da ke tallata 8+8 kuwa, takwas na biyun aro ne daga rumbu, ba RAM na gaske ba. A kwamfutar tebur RAM sanda ce da ake sokawa a cire.

Giga 8 zai tashi Windows ya buɗe burauza, amma da zarar an kunna Android Studio da wayar gwajinta ta cikin kwamfuta, ga shafuka goma a Chrome, sai numfashi ya ƙare. Giga 16 shi ne inda ya kamata a tsaya. Kuma yadda aka raba shi na da muhimmanci ƙwarai: sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai giga 16. Dalili shi ne furosesa na da hanyoyi biyu zuwa RAM. Sanda ɗaya ta DDR4-3200 na iya wuce da kusan gigabait 25.6 a daƙiƙa, biyu kuma 51.2. Ga 5600G wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda sashen hotonsa ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin kwamfuta yake ci. Da sanda ɗaya wasa zai riƙa sarƙewa, mutum ya ɗauka furosesan ne rago alhali rabin hanya aka toshe masa.

Idan madabod na da ramuka huɗu, galibi na biyu da na huɗu daga furosesa ake sakawa, littafin madabod zai tabbatar. Bayan haɗawa kuma a shiga BIOS a kunna XMP, wanda ASUS ke kira DOCP a madabod na AMD, domin sanda da yawa da aka rubuta musu 3200 a 2133 ko 2400 suke tashi sai an kunna shi. RAM ɗin laftof gajere ne, ba ya shiga ramin na tebur. DDR3 da DDR4 da DDR5 kuma kowanne tsagarsa a wuri daban take.

Tun daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda kamfanonin AI na kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Wannan ya sa RAM na hannu ya zama abin dubawa, kuma cikin sa'a yana daga cikin sassan da ba su cika lalacewa ba. Manhajar MemTest86, wadda ake ɗorawa a filash, tana gwada shi ta faɗi ko akwai matsala. Wanda kuɗinsa bai kai ba zai iya farawa da sanda ɗaya mai giga 8, amma ya rubuta lambarta don ya nemo irinta sak daga baya.

Ma'ajiya

Nan babu dogon zance: Windows a kan SSD ake sa ta. Tsohon hadis mai faifai yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na SATA kusan 550, na NVMe a PCIe 3.0 kuma har kusan 3,500. Bayan sauri, hadis na da faifai mai juyawa da allura, ba ya son girgiza ko ɗaukewar wuta ba zato. Giga 512 na NVMe farawa ce mai kyau, hadis kuma a bar shi don tara finafinai. SSD mai siffar M.2 iri biyu ne, na SATA da na NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba, sai a duba.

Idan SSD mai giga 512 ya nuna 476 a Windows, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. Mai tera ɗaya ma 931 yake nunawa. Cutar gaske ita ce SSD na jabu da ke nuna girman da ba shi da shi, irin yadda ake yi da memorin waya. H2testw na cika shi da bayanai ya karanto, ya tona asirinsa. Na hannu kuma CrystalDiskInfo na nuna awannin da ya yi yana aiki da lafiyar da ta rage masa.

Na'urar wuta, inda ba a rowa

Na'urar rarraba wuta, wadda ake rubutawa PSU, ba ta ƙara sauri ko ɗigo, shi ya sa ake raina ta. Amma ita ce ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ta mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 ta raba wa kowane sashe. Idan ta mutu mutuwar banza, tana iya tafiya da madabod da SSD, da aikin wata shida da ke ciki. A wurin da wutar NEPA ke zuwa da ƙarfi yanzu, anjima ta yi ƙasa, dare kuma a koma kan janareto, PSU na shan wahalar da ba ta sha a ƙasashen da aka ƙera ta. Akwatunan kwamfuta masu arha sukan zo da PSU a ciki, mara nauyi kamar fanko, an manna mata takardar wat 500 ko 650. Wannan lambar ba abin dogaro ba ce. Gara wat 450 na kamfani sananne irin Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI da wat 700 na wanda ba a san mai shi ba.

Lissafin ba wuya. 5600G an rubuta masa wat 65, a matuƙar aiki yakan kai kusan 88. Madabod da RAM da SSD da fankoki a ba su kamar wat 50. Ke nan ba tare da katin hoto ba kwamfutar ba ta kai wat 150 ba. Idan daga baya aka ƙara kati irin Radeon RX 6600 mai cin wat 132, jimla ta zama kusan 270. PSU mai wat 500 ko 550 ta ɗauke wannan da sarari, kuma saya tun yanzu ya fi a sake saye ranar da kati ya zo. A tabbatar tana da kebul mai ƙafa takwas na katin hoto. Tambarin 80 Plus da ke jikinta na nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja yana isa ga kwamfuta, sauran ya zama zafi. Alama ce ta tattalin wuta, ba shaidar inganci gaba ɗaya ba, amma rashinsa ma magana ce.

Wasu tsofaffin PSU na tokumbo, musamman daga Amurka, suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 aka soka a wutar Najeriya ko Nijar, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi.

Kwamfutar tebur ba ta da batiri, wannan shi ne babban abin da laftof ta fi ta. Don haka UPS na cikin kasafi, ba ƙari ba ne. Lambar da ke jikin UPS ta VA ce, ba wat ba: mai VA 650 galibi wat 360 zuwa 390 yake ɗauka. Ya ishi kwamfutar da ba kati tare da allonta, amma da katin hoto an zo bakin iyaka, sai a nemi mai VA 1,000 ko sama. Aikinsa ya ba da 'yan mintuna a adana aiki a kashe, ba a ci gaba da wasa ba. Masu inbata kuma su sani, yawancin PSU na zamani sun fi jituwa da inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine wave; a kan mai arha wasu sukan yi ƙugi ko su mutu lokacin sauyin wuta. Idan kuma jikin akwati na ɗan jan hannu, alama ce wayar gidan ba ta da layin ƙasa, aikin mai gyaran wuta ne.

Katin hoto

Mai 5600G zai iya jinkirta wannan har sai aiki ya nuna buƙata. Idan lokacin ya yi, RX 6600 mai giga 8 na daga cikin waɗanda kuɗinsu ke biya. RX 6400 da RX 6500 XT kuwa, duk da arharsu, ba su dace da wannan haɗin ba: layukan PCIe huɗu kawai gare su, a kan PCIe 3.0 na 5600G suna raguwa, kuma ba su da sashen matse bidiyo, abin da mai gyaran bidiyo ke so.

Kasuwar na hannu cike take da RX 580. Kati ne na 2017 mai cin wat 185, kuma da yawa sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina amfani da haƙa a Satumban 2022, aka watso su kasuwa. Akwai kuma mai suna RX 580 2048SP, wanda a gaskiya ƙarfinsa na RX 570 ne. GPU-Z na nuna ainihin abin da ke cikin kati, FurMark kuma na matsa masa. Minti goma sha biyar a shago sun isa a ga ko zai fitar da ɗigo-ɗigo a allo ko ya kashe kwamfuta. Ranar da aka sa kati, kebul ɗin allo jikin katin yake komawa, ba madabod ba.

Akwati, zafi da ƙura

Akwati mai gilashi ta gaba da fitilu masu launi yana kyau a hoto, amma a garin da zafin Afrilu ke kai digiri 40, iska ake nema. Mai raga ta gaba, da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, da fanka ɗaya mai shigo da iska ɗaya mai fitarwa, shi ne daidai. A ɗora shi kan tebur, ba ƙasa ba, kuma a lokacin hunturu a riƙa buɗewa ana hure ƙura, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Busasshiyar iskar hunturu na tara lantarki a jiki, irin wanda ke sa mayafi ƙyasƙyas, don haka kafin a taɓa RAM ko furosesa a fara taɓa ƙarfen akwati. Madabod ƙirar micro-ATX na shiga akwatin ATX, amma babba ba ya shiga ƙarami.

Akwai gajeriyar hanya da mutane da yawa ke bi: sayen tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP ProDesk a ƙara mata RAM da SSD. Ga mai koyon rubuta manhaja wannan dabara ce mai kyau, muddin furosesan zubi na takwas ne ko sama, kamar i5-8500 mai cibiyoyi shida. Iyakarta ita ce PSU ɗinsu ƙarama ce kuma mahaɗanta na kamfanin ne kaɗai, siraran cikinsu kuma sai gajeren kati mara neman ƙarin wuta suke ɗauka. Ba a cika iya faɗaɗa su yadda ake so ba.

Wanda zai tara kuɗi a hankali ya riƙa saye kaɗan-kaɗan, ya fara da abin da ake iya gwadawa shi kaɗai ko wanda ba ya tsufa: akwati, allo, kibod, UPS. Furosesa da madabod da RAM kuwa rana ɗaya ake sayensu, in da hali a shago ɗaya, domin babu yadda za a gwada ɗaya ba tare da sauran ba, kuma warantin kwana bakwai ko wata ɗaya da masu shago ke bayarwa zai ƙare madabod na kwance cikin kwali. Kafin a bar shagon a haɗa su a kan tebur, a ga BIOS ya fito, a ga ya karanta sunan furosesa daidai da giga 16 cif, sannan a sa mai shago ya rubuta lambar jikin kowane sashe da tsawon warantinsa a kan rasit.